Matani da Hashiya: Yadda Git Ya Samar wa Ƙarin Bayani Gurbi

Mai kwafar littafi a Kano ko Sakkwato ba ya taɓa matani. Idan yana da abin faɗi, fassarar kalma da ajami ne ko gyaran kuskuren wanda ya gabace shi, sai ya rubuta a hashiya ko tsakanin layuka, ta yadda wanda ya haddace littafin tun da zai ci gaba da karatunsa ba tare da tuntuɓe ba. Irin wannan matsala ce ta tarar da masu manhajojin adana tarihin gyare-gyaren rubutu.

A watan Afrilu na 2005 Linus Torvalds ya fara rubuta Git, bayan an janye wa masu aikin Linux damar amfani da BitKeeper kyauta. Kowace ajiya a Git tana ɗauke da abubuwa kaɗan: jerin fayiloli, ajiyar da ta gabace ta, sunan marubuci, lokaci, sai saƙon bayani. Daga waɗannan ake lissafa lambar shaidarta mai alamomi 40 ta hanyar SHA-1. Da zarar an sauya harafi guda, lambar ta sauya, haka ma ta duk ajiyar da ta biyo baya, domin kowace tana ambaton ta gabanta tamkar isnadi. To ina za a sa ƙarin bayani, kamar sunan wanda ya duba aikin?

Hanya mafi arha ta girmi Git kansa. Tun 2004, bayan ƙarar da kamfanin SCO ya shigar da IBM a 2003, masu aikin Linux suka fara rubuta layin Signed-off-by a ƙarshen saƙo. Tsohuwar manhaja tana ganinsa a matsayin rubutu kawai, ba ta da dalilin ƙin sa. Gerrit ma nan ya ajiye nasa Change-Id. Dabara ce marar ƙawa, amma ita ta fi karko.

A ƙarshen 2009 aka kawo git notes, wato hashiya ta gaskiya: bayanin da ke rataye a gefe, ana iya ƙara shi daga baya ba tare da lambar shaida ta motsa ba. Sai dai ba ya bin matani da kansa idan an kwafi ma'ajiyar, shi ya sa bai karɓu sosai ba. A 2012 kuma aka buɗe wa sa hannun sirri gurbi a saman ajiya, aka dogara da cewa tsoffin fitowar Git suna tsallake layin da ba su sani ba.

Mercurial, tsaran Git a haihuwa, ya tanadi fayil mai lissafa sharuɗɗan ma'ajiya. Tsohuwar manhajar da ta ga sharaɗin da ba ta gane ba sai ta ƙi buɗewa, don gudun ɓarna.

Inda hashiya ta gaza shi ne lambar shaidar kanta. A Fabrairun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayiloli biyu mabambanta masu lambar SHA-1 ɗaya. Git ya shigo da SHA-256 a Oktoban 2020, amma ma'ajiyar da aka gina da shi, Git na kafin lokacin ba ya iya karanta ta, kuma mafi yawan ma'ajiyoyi sun zauna a kan tsohuwar lambar.