Daga Lodi Zuwa Dad: Tarihin Haruffan Larabci A Bakin Yaranmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗalibina a Islamiyyarmu ta Daurawa ya zo mini da ƙarar kakansa, wai tsohon ba ya fitar da harafin dad a ƙarshen Fatiha, lam yake yi. Wannan ya sa na waiwayi tarihi.

Littafin tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso da Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Ƙarnoni da dama yaro na fara karatu a makarantar allo da babbaƙu, sannan farfaru, a ruwayar Warshu. Malamai suka raɗa wa haruffa sunayen Hausa: ha mai ruwa, kaf lasan, ɗa mai hannu, lodi. Harafin da Hausa ba ta da shi, sai harshe ya kama mafi kusa da shi. Shaidar tana cikin kalmomin da muka aro. Dad ya zama lam a alƙali, alwala da farilla. Ɗa ta Larabci ta koma irin tamu a ɗalibi da ɗawafi, kha kuma ta zama ha a Alhamis.

Kada mu yi gaggawar raina su. Sibawaihi ya ce mafitar dad gefen harshe ce tare da turamen haƙori, kusa da mafitar lam. Ashe lodi bai faɗo daga sama ba.

Sauyi ya zo a hankali. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano da malamai 'yan Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ɗalibai suka riƙa jin Larabci kullum daga bakinsu. A 1961 aka naɗi muryar Shaikh Mahmud Khalil al-Husari yana karanta Alƙur'ani sukutum a Masar, daga baya kaset ya kawo irin wannan ƙira'a cikin gidajenmu. A 1986 Jami'ar Sakkwato ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa. Islamiyyu suka yawaita, ruwayar Hafsu da Tuhfatul Aɗfal suka shiga hannun yara.

Abin lura shi ne, kunne ne ya kawo gyaran kafin takarda. Binciken Janet Werker da Richard Tees na 1984 ya nuna jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe sautukan baƙon harshe, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya fara karkata ga harshen gida. Daga nan sai da yawan saurare da maimaitawa. Wannan shi ne talaƙƙi da magabata suka dage a kai: yaro ya zauna gaban malami, ya ji, ya dubi baki, ya maimaita, a gyara masa.

Don haka na ce wa ɗalibina: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai ka sami kunnen da kakanka bai samu ba, shi kuwa ya riƙe Littafin da ya iso gare ka. Ka zauna kusa da shi ka karanta masa da ladabi.

Allah Ya sa mu cikin ahlul Ƙur'ani. Wallahu a'alam.