Tarihin Makamin da ke Kurmantar da Ƙwayoyin Cuta

A cikin shekarar 1970 ne Kenneth Nealson da Terry Platt da Woodland Hastings, na Jami'ar Harvard ta Amurka, suka bayyana wata ɗabi'a ta bakteriyar teku mai haske da ake kira Vibrio fischeri. Idan ƙwayoyin kaɗan ne cikin ruwa ba sa haskawa, sai sun yawaita sa'an nan su kama haske baki ɗaya. Dalili kuwa, kowace ƙwaya tana sakin wani sinadari, da yawansa kuma suke gane yawan 'yan'uwansu, tamkar majalisar da ba ta zartar da shawara sai adadin wakilai ya cika. An daɗe ana ɗaukar wannan a kan abin al'ajabi kawai na halittun ruwa. Sai a 1981 aka gano siffar sinadarin.

Daga bisani ta bayyana cewa ƙwayoyin cuta da dama ta haka suke aiki, watau ba sa sakin gubarsu sai sun ga sun yi taron da zai rinjayi garkuwar jiki. Nan fa masana suka shiga tunanin katse saƙon maimakon kashe ƙwayar. A 1996 aka nuna cewa wani jan tsiron teku na gaɓar Ostareliya, Delisea pulchra, yana fitar da sinadarai masu rikita saƙon. A 2000 kuma masu bincike a Singafo suka samo enzayim, wato furotin mai farfasa sinadari, wanda ke lalata saƙon ɗungurungum. Amma a jikin bakteriyar turɓaya suka same shi.

Teku, inda labarin ya faro, sai daga baya aka koma mata, aka kuwa tarar da ita cike da irin wannan makami. A 2011 masana na Jami'ar Santiago de Compostela ta Sifen suka gwada bakteriya 166 na gaɓar teku, 24 daga ciki suka lalata saƙon. A 2015 aka bayyana enzayim MomL a birnin Qingdao na Sin, daga bakteriyar da aka ɗebo a jikin kifi.

Da fari an yi zaton ƙwayar da ba a kashe ba, ba ta da dalilin bijire wa magani. Zaton nan an yi gaggawa cikinsa, domin a 2012 aka ga Pseudomonas aeruginosa tana fitar da ɗaya daga cikin sinadaran nan masu rikita saƙo daga jikinta, ta ci gaba da ɓarnarta.