Bado

Bado tsiro ne na ruwa da ke fitowa a tafkuna da kududdufai a Afirka. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ya sa masa suna Nymphaea lotus a shekarar 1753. Saiwarsa tana cikin taɓo, ganyensa mai faɗi yana kwance bisa ruwa, farin furensa mai ƙamshi kuwa da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi.

A arewacin Jihar Jigawa, wajejen Maigatari da Gumel, kududdufai kan ƙafe da rani, sai saiwar ta zauna cikin busasshen taɓo har ruwan damina ya sauka. Bado ya fi yawa a dausayin Haɗeja da Nguru. Ana cin saiwar, ana kuma niƙa 'ya'yan a yi gari, musamman a shekarun yunwa.

A lambu ana dasa shi cikin yumɓu a ƙasan ruwa mara gudu, inda rana ke bugawa sosai. Joseph Bory Latour-Marliac, wanda ya kafa gonar renon dangin bado a Faransa a 1875, ya haɗa irinsu ya samar da masu launin ja da rawaya, ya nuna su a baje kolin Paris na 1889.