Wa Ke da Izinin Ƙona Faifai? Tarihin Wata 'Yar Ƙofa a Kwamfutocin Samaru

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello tsakanin 2000 da 2010 ya san shagunan buga takardu na Samaru, ya kuma san kalmar “bonin”. Ɗalibi zai sayo faifan CD fanko a kasuwar Sabon Gari, ko ya saya a shagon da ɗan ƙarin kuɗi, ya miƙa a zuba masa kundin bincikensa. Faifan na ɗaukar megabait 700, alhali filofin da ya gada bai wuce 1.44 ba. Sai dai sau ɗaya ake rubuta shi. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, shi ke nan, sai a nemo wani.

Akwai kuma matsalar da ta fi ɗaure kai, musamman a ofisoshi da ɗakunan kwamfuta na haɗaka. Ga na'ura lafiya ƙalau, ga faifai, ga manhaja, amma aiki ya ƙi tafiya har sai an kira mai kula da ɗakin ya shiga da sunansa. Da yawa sun ɗauka mugunta ce. Dalilin ya fi haka zurfi.

Idan za ka karanta faifai, tsarin kwamfutar ne yake yi maka dillanci, ya ɗauko ya miƙo maka. Wajen ƙonawa kuwa, dole manhajar ta yi magana da na'urar baki da baki, da umarnin da ake kira SCSI. Ta wannan ƙofar ana iya sake rubuta ƙwaƙwalwar na'urar kanta a lalata ta, in kuma aka juya umarnin kan rumbun kwamfutar, a tsallake duk wani tsaro da ke kan fayilolin mutane. Sannan hasken da ke ƙona faifan ba ya jira: bayanai suka yanke na ɗan lokaci, faifai ya baci. Shi ya sa manhajar take neman a fifita ta a kan sauran ayyuka, fifikon da shugaban tsari kaɗai ke iya bayarwa.

A Linux, inda kowace na'ura take da mai ita da rukuninta kamar fayil, an bi hanya biyu. Ko dai a sa mutum cikin rukunin cdrom a ba rukunin ikon rubutu, ko a ara wa manhajar cdrecord, wadda Bajamushe Jörg Schilling ya rubuta, rigar shugaban tsari duk lokacin da ta tashi aiki. Ta farkon ta fi hankali a ganina, domin ƙofa ɗaya take buɗewa, kuma an san sunan wanda aka ba mabuɗin. A watan Agusta 2004 Linux 2.6.8 ya fito da tace umarnin SCSI, mutane da yawa a duniya suka wayi gari ba sa iya ƙona faifai, aka sha cacar baki kafin a daidaita. Bayan wata biyu Ubuntu ya bayyana, yana sa mai kwamfuta cikin rukunin tun wajen girkawa, yana kuma aika faifansa kyauta ta gidan waya har zuwa 2011, abin da ya yi wa masu intanet mai tafiyar hawainiya rana.

Amma Samaru garin Windows XP ne da Nero, manhajar Jamus da aka raɗa wa sunan sarkin da ake zargi da ƙona birnin Rum. Ita ma takan ƙi yi wa mai ƙaramin matsayi aiki, har kamfanin ya fitar da Nero BurnRights domin a ware waɗanda za a ba izini. Gyaran na mintoci ne. Abin da aka fi yi shi ne mafi sauƙi: a bar kwamfutar a matsayin shugaban tsari, kowa ya zauna ya yi abin da ya ga dama.

Ba a ga kuɗin wannan sauƙi ba sai da filashi ya yawaita. Faifan da aka ƙona aka rufe ba ya ɗaukar sabuwar cuta, filashi kuwa yana shiga kwamfuta goma a yini, yana kwasa yana rabawa. Ƙwayar cutar da ta tarar da ƙofa a buɗe takan sami ikon da mai shagon yake da shi. Kundin shekara biyu yakan koma gumakan da ba sa buɗuwa ana saura kwanaki a kare shi gaban malamai. Sai a Fabrairun 2011 Microsoft ya tura wa XP gyaran da ya hana filashi tashi da kansa.

A lokacin har kasuwar ta fara juyawa. Masu sayar da fina-finan Hausa a faifai a Sabon Gari suna ba masu tura waƙa da fim a waya wuri, sababbin kwamfutocin hannu kuma suna zuwa babu ramin faifai. Rukunin cdrom dai yana nan. Wanda ya girka Ubuntu yau a Samaru, ya duba rukunonin da aka sa shi, zai tarar da sunansa a ciki, a kan na'urar da ba ta taɓa ganin faifai ba.