Tarihin Binciken Yadda Gansakukar Teku Ke Kama Haske

Fotosintesis, wato hanyar da tsirrai ke haɗa abincinsu daga ruwa da iskar kabon da ƙarfin hasken rana, ya dogara ne a kan kulorofil, koren sinadarin da ke zuƙar jan haske da shuɗi. A teku kuwa jan haske ne ke fara ɓacewa tun daga saman ruwa, shuɗi da kore ke isa ƙasa, shi ya sa masana suka daɗe suna neman sanin yadda gansakuka ke rayuwa a zurfi.

A 1882, Bajamushe Theodor Engelmann, wanda ke aiki a Utrecht ta ƙasar Holan, ya rarraba haske zuwa launukansa a kan zaren gansakuka, ya ga ƙwayoyin bakteriya masu buƙatar oksijin sun taru inda ja da shuɗi suka sauka. A shekara ta gaba ya kawo ra'ayin cewa jar gansakuka na iya zama a zurfi ne saboda jan sinadarinta, fikoyeritirin, na zuƙar koren hasken da kulorofil ke bari ya wuce.

Wata babbar matsala ta bayyana a 1950, lokacin da Francis Haxo da Lawrence Blinks suka auna oksijin da gansakukar gaɓar Kalifoniya ke fitarwa, suka tarar cewa a jar gansakuka hasken da kulorofil ya zuƙa da kansa ba ya haifar da aikin kirki, alhali koren hasken da fikoyeritirin ya kama shi ne mafi amfani. Wannan sakamako, wanda ya yi kama da kuskuren awo, ya sami bayani a 1961, sa'ad da Louis Duysens da abokan aikinsa suka nuna cewa tsarin kama haske guda biyu ne masu aiki a jere, kuma a jar gansakuka fikoyeritirin ke ciyar da tsarin da ke fasa ruwa ya saki oksijin, yawancin kulorofil kuwa na ɗaya tsarin.

Ra'ayin Engelmann game da zurfi bai tsira daga suka ba, domin binciken da aka yi daga baya ya nuna yawan hasken ya fi launinsa tasiri, kuma akwai koriyar gansakuka a wurare masu zurfi ƙwarai. Duk da haka, gansakukar da Mark Littler da abokansa suka bayar da rahotonta a 1985, a zurfin mita 268 kusa da tsibiran Bahamas, ja ce.