Joseph Lister: Likitan da Ya Tare Ruɓar Rauni Kafin a San Kafso

Mai karatu, idan an taɓa yi wa wani naka tiyata, ka san zaman da ake yi a bakin ɗakin, kowa ya yi jugum yana addu'a. Da zarar an turo gadon, mara lafiya ya buɗe ido, sai hankali ya kwanta, a shiga buga waya ana barka. Shekaru kusan 160 da suka wuce, a manyan asibitocin Turai, fitowa daga ɗakin fiɗa ba ta isa barka ba. Kwanakin da ke biye su ne abin tsoro. Rauni ya yi ja, ya kumbura, ya fara zubar da mugunya, zazzaɓi ya rufe mutum, wari ya cika ɗakin kwanciya. Aiki ya yi kyau, amma bayan mako guda a fita da gawa.

Abin mamaki, samuwar maganin sa barci a 1846 ta ƙara wa lamarin muni. Da zafin wuƙa ya kau, likitoci suka samu damar yin fiɗa da yawa, suna daɗewa a cikin jiki, da hannun da ba a wanke ba da tsohuwar rigar aiki wadda jini ya bushe a kanta. Ba mugunta ba ce. Ilimin zamanin ya tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce ke ruɓar da nama, har ma ana ɗaukar wata irin mugunya a matsayin alamar samun sauƙi.

A cikin wannan hali Joseph Lister, haifaffen Ingila a 1827, ya zama farfesan fiɗa a Gilasgo ta ƙasar Sikotland a 1860. Akwai abin da ya daɗe yana damunsa, wanda duk mai ɗori na gari zai gane shi. Idan ƙashi ya karye amma fata ba ta fashe ba, yawanci yakan haɗe lafiya, komai munin karayar. Idan kuwa ƙashin ya huda fata, ko da ƙofar ƙarama ce, sai ruɓa ta biyo baya, dole a yanke ƙafa ko a rasa rai. Ke nan wani abu ne daga waje ke shiga. Mene ne shi?

Amsar ta fito daga wajen wanda ba likita ba. Wani abokin aikinsa, farfesan kimiyyar sinadarai Thomas Anderson, ya nuna masa rubuce-rubucen Louis Pasteur na Faransa, wanda ya tabbatar da cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke sa madara ta yi tsami, romo ya lalace. Lister ya ce a ransa, abin da ke lalata romo a kwalba shi ke lalata jini a rauni. Ana iya kawar da waɗannan halittu da zafin wuta, ko da tacewa, ko da sinadari. Ba a dafa ƙafar mutum, ba a kuma tace ta. Saura sinadari.

A nan ne labarin ya shigo fagen sana'ata ta harhaɗa magunguna. Lister ya ji cewa hukumar garin Carlisle tana zuba wani ruwa da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa, mai suna kabolik, a cikin ruwan kwata don kashe wari, kuma shanun da ke kiwo a filayen da ake malala ruwan sun daina kamuwa da cuta. Maganin kwata ke nan, shi ya ɗauko ya kai jikin ɗan'adam.

Ranar 12 ga Agusta, 1865, aka kawo masa yaro ɗan shekara 11 wanda ƙafar amalanke ta taka, ƙashin ƙwaurinsa ya karye, fata ta fashe. A ƙa'idar lokacin, ƙafar ta kusa zama ta yankewa. Lister ya jiƙa ƙyalle da kabolik, ya rufe raunin, ya ɗaure ƙafar. Bayan kwana huɗu ya buɗe: babu mugunya, babu wari, sai dai ja da sinadarin ya yi wa fatar gefe. Cikin mako shida yaron ya fita asibiti da ƙafafunsa biyu. (Washegarin ranar da aka kawo yaron, Ignaz Semmelweis, likitan da ya rage mutuwar masu jego a Biyana ta Ostiriya tun 1847 ta hanyar tilasta wanke hannu, ya mutu a gidan masu taɓin hankali, ba tare da abokan aikinsa sun gaskata shi ba.)

Lister bai yi gaggawar shela ba. Sai a 1867 ya wallafa bayanin masu irin wannan karaya su 11 a mujallar The Lancet. Mutum ɗaya ne ya rasu a cikinsu. Daga nan ya faɗaɗa tsarin: hannun likita, wuƙa, almakashi, zaren ɗinki, fatar mara lafiya, duk sai sun ratsa ruwan kabolik. A wannan shekarar ce ya yi wa 'yar'uwarsa ta jini fiɗar sankarar mama da wannan tsari, raunin kuma ya warke. Alƙaluman da ya fitar daga baya sun fi kowane bayani ƙarfi: kafin tsarin, cikin mutum 35 da ya yanke wa gaɓa 16 suka mutu, bayansa, cikin 40, shida.

Kada ka ɗauka an karɓe shi hannu bibbiyu. Manyan likitocin Landan sun yi masa ba'a a kan halittun da ba wanda ya gani, wasu kuma suka gwada rabin tsarin, ya ƙi aiki, suka ce ƙarya ce. Jamusawa ne suka fara rungumarsa da gaske. Shi ma yana da inda ya zarce: ya ƙirƙiro injin fesa kabolik a iskar ɗakin tiyata, wanda ke shaƙe ma'aikata yana tsattsaga musu hannu, sai a 1890 ya fito fili a Balin ya janye shi, don ta bayyana cewa hannu da kayan aiki sun fi iska haɗari nesa ba kusa ba. A lokacin an riga an fara turara kayan fiɗa da tururi mai tsananin zafi, a Amurka kuma William Halsted ya sa an yi wa wata ma'aikaciyar jinya safar hannu ta roba saboda sinadarai sun ɓata mata fata. Lister ya rasu a 1912, shekara 16 kafin Alexander Fleming ya gano fenisilin.

A kan wannan tazarar nake so ka tsaya. Duk rayukan da Lister ya tsirar, ya tsirar da su ne ba tare da ƙwaya ko ɗaya ta haɗiya ba. Yau kuwa, a tagar ɗakin magani, abin da dangin wanda aka yi wa tiyata suka fi tambayata shi ne allura mai ƙarfi ko kafso mai tsada. Da wuya a samu mai tambayar yadda zai wanke hannu kafin ya taɓa bandeji. Ga shi ƙwayoyin cutar asibiti suna ƙara gagarar magungunan da muke da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan mutum 11 cikin 100 da aka yi wa tiyata rauninsu na kamuwa, a Afirka kuma adadin kan kai 20 cikin 100 ga matan da aka ciro wa jariri ta fiɗa. Ƙa'idojin da ta fitar a 2016 sun ce a ba da maganin kariya gab da fara aiki, kada a ci gaba da ɗura shi kwanaki bayan an gama in babu dalili, mara lafiya ya yi wanka da sabulu kafin tiyata, kuma kada a aske wurin da reza, don ƙananan yankan da take bari ƙofofi ne.

Shi kabolik an daina zuba shi a rauni tuntuni, guba ne mai ƙona nama. Danginsa ne ke cikin Izal da ake wanke daɓe da makewayi da shi, wurinsa ke nan, kada ya kusanci ɗinki. Haka garin kafso da wasu ke barbaɗawa a miki, da toka, da man goge baki. A asibiti yanzu ayodin da kulohekzidin ake shafawa, a gwargwadon ƙarfin da aka auna. Mai jinya da mai dubiya, ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa mara lafiya da bayan kun taɓa shi, kada a ɗaga bandeji don a nuna wa baƙi ɗinki, kuma ba rashin kunya ba ne a tambayi ma'aikaci cikin ladabi ko ya tsabtace hannunsa. Idan an koma gida aka ga ja yana yaɗuwa a gefen rauni, ko zafi na ƙaruwa, ko ruwa mai wari, ko zazzaɓi, a koma asibitin da aka yi aikin a ranar, kafin a sayi komai a kemis.