Garin Da Hanya Ta Bari A Baya

Ranar nan ina zaune ina tsince shinkafa, sai 'yata ta dawo daga makaranta da wata takarda, wai a rubuta jiha da ƙaramar hukuma da gunduma. Ta ce, "Umma, mu 'yan wace gunduma ne?" Na ba ta amsa ta tafi, amma tambayar ta kwana a raina, domin ta tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta, wadda har ta bar duniya ba ta yarda a ce wa garinsu Tsohon Birnin Gwari ba. Ita a wurinta Birnin Gwari ɗaya ne. Wancan na bakin titi kuwa, in za ta ambace shi sai ta taɓe baki ta ce "sabon garin nan."

Ga wadda ba ta sani ba, Birnin Gwari biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani, a kan titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Tegina, inda fadar Sarki da sakatariya suke. Sannan akwai na asali, can ta hanyar Funtuwa. Shi ne mai sunan tun farko, kuma Bahaushe ba ya kiran gari birni sai mai ganuwa. Ganuwar ma ba don ado aka yi ta ba, domin a ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora sun addabi ƙasar Gwari da ta Kamuku da kamun bayi, har sai da Turawa suka kore shi daga garinsa a 1901.

To, da Turawa suka zauna sai suka zo da wani tsari. A da, a manyan masarautu irin su Kano da Zazzau, masu sarauta a birni suke zaune kusa da Sarki, ƙauyukansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo haraji. Bature ya ce bai san wannan ba. Ya ja layi a takarda, ya haɗa ƙauyukan da ke kusa da juna, ya ce wannan gunduma ce, hakimi ya tattara ya koma can ya zauna. A samansa ga Di'o, a saman Di'o ga Razdan. Birnin Gwari an sa ta cikin Lardin Zariya, amma ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba, En'e ɗinta daban. Wannan kam kakata ba ta gajiya da faɗinsa.

Ina Bature ya koyo wannan? Ku da kuke kwana kallon fim ɗin Indiya, yau ga ranarku. Shi Gwamna Lugga, wanda ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, an haife shi ne a 1858 a Madaras, wani babban birni na bakin teku a kudancin Indiya, ƙasar masu harshen Tamil. A 1996 aka mai da sunan birnin Chennai. Tun kafin a haife shi Turawan Ingila sun yanka wannan ƙasa gunduma-gunduma, kowace da Baturenta da ake kira Kalakta, wato mai tara haraji. Kenan abin da aka yi mana, an daɗe da gwada shi a kan wasu.

A wannan gaɓar teku akwai wani gari da labarinsa ya taɓa mini zuciya, sunansa Tarangambadi. Mutanen Denmak suka kafa sansanin ciniki a wurin a 1620, suka sayar wa Ingila a 1845. Ingila ta ajiye ofishin Kalaktan gundumar Tanjabur a can, gari ya cika da ma'aikata da masu ƙara. Ba a yi shekara 20 ba aka ɗauke ofishin, sannan a 1861 aka kai layin dogo Nagapattinam, maƙwabciyarsa, aka tsallake shi. Fatake suka bi jirgi. Ba yaƙi, ba gobara, gari ya koma na masunta da tsofaffin gine-gine.

Allah sarki! Da na karanta wannan sai na ga kamar garin kakata ake nufi. Tun da Turawa suka bar Zungeru suka mai da Kaduna hedkwatar Arewa a 1917, titin motar da ke haɗa Kaduna da kudu ya zama shi ne jijiyar ƙasar. Tsohon birni ba ya kan titin. Da sarauta da ofis suka koma bakin hanya, sai kotu ta bi, kasuwa ta bi, 'yan boko suka bi. Maza suna kallon wannan a matsayin zancen mulki, amma ni na ce mace ce ta fi jin zafinsa. Wadda naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare ita ta san nisan hedkwata. Haka mai ƙuli-ƙuli da daddawa da ta rasa masu saye, haka uwar da ke son 'yarta ta wuce firamare amma tana tsoron tura ta nesa.

Sauran canje-canjen duk na suna ne. A 1967 aka ce Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka ce Jihar Kaduna, a shekarar kuma aka soke En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 252 da 'yan kai, a fili mai faɗin murabba'in kilomita sama da dubu 6. Ki duba girman wannan ƙasa, a ce ofis ɗaya ke kula da ita!

Sai dajin. A 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e, a 1999 ya zama Gandun Dajin Kamuku na ƙasa, fili sama da murabba'in kilomita dubu 1. A takarda yana da mai shi. Amma inda idon hukuma ba ya kaiwa wani ido yana kaiwa, kuma duk mun ga yadda 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan yankin gidansu. A watan Mayun 2018 an kashe mutum sama da 40 a ƙauyen Gwaska kaɗai. Hanyar Funtuwa ta zama sai da addu'a, biki ya wuce mu, rasuwa ta wuce mu, gaisuwa sai ta waya.

A watan Nuwamban 2024, bayan sulhun da aka yi, Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe. 'Yata dai ta rubuta Birnin Gwari a takardarta, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa taka garin ba. Na yi mata alkawari in ruwa ya ɗauke, Malam kuma ya yarda, zan kai ta ta ga kangon ɗakin kakata, in damina ta bar mana wani abu a tsaye.